Wankan Kulu da Tsibirin Wuta

Ba zan ɓata bakina a kan jirgi ba, kowa ya san yadda ake shiga a sauka. Daga Nu'aija zan fara, unguwar da aka fara ajiye ni a Doha, a wani gida kusa da filin ƙwallo, inda in an ci sai ihu ya shigo mana har banɗaki. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Faɗa nake yi wata baiwar Allah tana rubutawa, kuma na ce mata kar ta gyara mini magana.

Jego ne ya kawo ni. Rukayya matar ɗana ta haifi na uku, uwarta ta rasu, aka ce in zo in kama mata na ɗan lokaci. Shi ɗan nawa shi ne na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Injiniya mutane ke ce masa, a wajen gas yake aiki. Matarsa kuwa Abban Nana take ce masa, da sunan babbar 'yarsu. Tun da na haife shi ban kira sunansa ba, ban zauna tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa duban tsakar idonsa na ce ina son abu kaza ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi da nawa. A ƙauyenmu can bayan Malumfashi wannan bai taɓa hana komai ba. In ina da magana da shi sai in faɗa wa ƙanin ubansa, ko in yi ta a tsakar gida ina tankaɗe, kafin la'asar ta isa kunnensa har an ƙara mata gishiri. A Doha babu ƙanin uba, babu tsakar gida. Akwai falo, akwai talabijin, akwai sanyin esi mai shiga ƙashi.

Rukayya ta gama arba'in ta koma aikinta. Jaririn ya zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe. Aka canza mini takarda ta zama ta zama, aka ce yanzu ɗana shi ne kafil ɗina, wato a wajen hukuma shi ke riƙe da ni. Fasfona yana cikin durowarsa, ba a kulle ba. To in na ɗauka in yi ina da shi? Ko lambar da ke jikin ƙofarmu ba na iya karantawa.

Daga nan muka tashi zuwa Lusail, sabon gari, gidaje kamar an jera kwalabe. Aka kai mu can sama, inda in ka leƙa ƙasa motoci kamar tururuwa. Taga ba ta buɗuwa. A Nu'aija ko banza ina jin zakaran wani Balarabe da asuba, a nan sai ƙugin injin gini. Mutum ɗaya na samu, Malam Haruna, mai gadin ƙofar ƙasa, mutumin Ƙanƙara. Ranar da ya fara jin na yi wa jikana faɗa da Hausa sai ya bar teburinsa ya zo ya durƙusa, da kakinsa da komai, ya ce, “Iya, barka da hantsi. Ya baƙunta?” Tun daga ranar ba ya rasa ɓarin goro da zai ajiye mini. Shi ma akwai ɗansa na ƙarshe da sai a waya ya san shi.

A Lusail ɗin ne Kulu ta kira ni. Kulu ita ce autata. An yi mata aure kafin in taho, ta daɗe ba ta samu ciki ba, har dangin miji sun fara yi mata waƙa in tana daka. Ta ce, “Inna, Allah ya yi.” Muka lissafa, wata zai tsaya wajen yankan gero. A wajenmu haihuwar fari ɗakin uwa ake yi. Yarinya ta dawo gida, uwa ta dafa ruwa safe da yamma, ta yi mata wanka da ganye, ta dama kunu, ta gasa mata jiki, ta koya mata riƙon ɗa. Na yi wa 'ya'yan maƙwabta, na yi wa matar ɗana a banɗakin Larabawa da ruwan butar lantarki. Na ce wa Kulu, “Ko a ƙafa ne zan zo.” Na sa aka fara tara mini itace a bayan ɗakina, aka wanke babbar tukunya. Na faɗa wa Rukayya a kicin, ta ce, “Ma sha Allah! Zan faɗa wa Abban Nana, Hajiya, kar ki damu.”

Ban damu ba, sai da maganar tsibiri ta taso.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci abokansa suka cika falo da matansu, gida huɗu ne har da namu. Babbansu a surutu Dakta Auwalu, gajere mai tumbi, matarsa kuma Maman Afnan. Suka kunna talabijin, ni ina daga ƙofar kicin ina yankan albasa ina kallo. Ƙasa baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, ba itace ko ɗaya, hayaƙi na fita daga rami. Ruwa ya tafasa a ƙasa da kansa ya yi tsiri sama. Can gefe dutse yana aman wuta, kusa da shi kuma wani dutsen na ƙanƙara. Aislan suke ce wa wurin. Na ce a raina, wuta da zamharira, biyun da malamai ke tsorata mu da su, ga su a wuri ɗaya, kuma mutum ya ɗauki ƙafarsa ya je.

“Hanyar guda ce,” in ji Dakta, yana zagaya yatsa a jikin gilashin, “ta kewaye tsibirin kamar zobe. Mota biyu za mu haya. Injiniya ya ja ɗaya, ni in ja ɗaya.”

“Kai?” in ji wani dogo mai koyarwa a jami'a. “Kai da ka daki dabino a wajen fakin?”

“To ai can ba bishiya, me zan daka?”

“Tumaki. An ce a kan titi suke kwana.”

“Shi ke nan mun samu halal,” in ji Dakta. Suka kwashe da dariya.

Suka yi ta yi: wa zai nemo biza, ina za a kwana, ina alƙibla take a can, wace riga ke tare iska. Matan suna ta maganar wani koren haske da ke fitowa a sama, wai sai sanyi ya fara shigowa ake ganinsa. Da Rukayya ta shigo ɗaukar kofuna na tare ta. Na ce me ake sarowa a can? Ta ce ba komai. Na ce akwai ɗan'uwa, ko kabarin wani bawan Allah? Ta yi dariya ta ce, “Kallo ne kawai, Hajiya. Mutum ya huta.” Na ce yaushe? Ta ce Oktoba.

Ban san watannin boko ba. Da safe na sauka na tambayi Malam Haruna. Ya ɗan duba sama ya ce, “Iya, ai yankan gero ke nan, ko bayansa kaɗan.” Na koma sama ko goron ban karɓa ba.

A Kornish aka ɗaure ni, bakin tekun nan da ake zuwa shan iska. Bayan magariba ne, an shimfiɗa darduma a kan ciyawa, jiragen katako suna wucewa da fitilu da kiɗan Indiya. Na zauna can gefe da yara. Sai dogon nan ya ce, “Jama'a, yara fa? Ga sanyi, ga makaranta, ga zaman mota wuni guda.”

“Ai muna da Hajiya,” in ji Maman Afnan. “Allah ya bar mana Hajiya.”

Sai ɗan nan nawa ya juyo gaba ɗaya, a gaban maza, ya dube ni ya ce, “Hajiya, za ki iya riƙe mana su? Sati biyu ne kacal.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ɗan fari, a gaban abokansa, yana jiran amsa daga bakina. In ce a'a, in tsinka shi a gaban mutane? In ce masa ƙanwarka za ta haihu, in yi maganar haihuwa da shi, maza na ji? Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na juya wajen teku, na ce, “Allah ya kai ku lafiya.”

A garinmu ko yarinyar da ba ta fara kallabi ba, in ta ga na juya baya na yi wannan addu'ar, ta san na ƙi. Da wata tsohuwa ta ce, ku dakata, akwai magana a cikin Hajiya. Su kuwa tafi suka yi. Dakta ya ce, “Halas! An gama. Gobe a kama jirgi da masauki.”

Da muka koma na ce wa Rukayya, kin kuwa faɗa masa maganar Kulu? Ta ce, “Na faɗa, ya ce za a duba. Amma Hajiya ai ke kika amince a gaban mutane.” Na dube ta. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma a Kaduna ta tashi, kuma ta riga ta sayi rigar sanyi ja.

Bayan kwana kaɗan Maman Afnan ta zo ita kaɗai, da turare a leda. Ta zauna kusa da ni a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta ji labarin Kulu, abin ya taɓa ta, ita ma uwarta ce ta yi mata wankan fari. Ta ce, “Ki bar mini. Ina da 'yar aiki, ƙawata ma tana da, su biyu sun isa yara. Zan sa Dakta ya yi wa Injiniya magana, ai ba ya ƙin ta tasa.” Sannan ta ce abu ɗaya ke damunsu, abincin can. Kifi ne da burodi, naman kuma ba a san yankan wa ba. Da za a samu dambun nama da yaji irin na hannuna.

Na yi dambu kamar na bikin 'yar gata. Na dafa, na daka a ƙaramin turmi na naɗe gindinsa da tawul saboda Baturen da ke ƙasanmu ya taɓa kai ƙara. Na soya har idona ya yi ja, taga ba ta buɗuwa, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta kuka. Kafaɗata ta dama har yau ba ta koma daidai ba. Ina daka ina lissafin abin da zan kai wa Kulu: zannuwa, man zafi, dabino.

Juma'ar da ta biyo, Dakta ya duba waya ya ce, “Kai, ashe ba a shiga ƙasar da nama. A filin jirgi za su ƙwace.” Aka yi ta salati, sannan aka buɗe robobin. A gabana suka cinye shi da shayi suna gardamar ko za a fara ta kudu ko ta arewa. Da za su tafi na tare Maman Afnan a bakin lif na ce, maganarmu fa? Ta dafa ƙirji ta ce, “Wayyo Hajiya, na sha'afa ban faɗa miki ba. 'Yar aikin ta matsa sai ta je ganin gida, na ga tunda ba ma nan gara ta tafi yanzu. Su Afnan ai ba su da rigima.” Ƙofar lif ta rufe da ita.

Sai na sauka wajen Malam Haruna. Na ce masa, ba ni da kowa a garin nan, ka zama ƙanin ubansa na rana ɗaya. Ya murza hularsa. Ya ce, “Iya, ni mai gadi ne. Shi in ya wuce hannu kawai yake ɗaga mini.” Na ce na sani. Ya ce, “To. Uwa ta aike ni, ba zan ƙi ba.”

Washegari da yamma ɗan nan ya shigo ko sallamar kirki babu. Ina kicin na ji shi yana ce wa Rukayya, da ƙarfi don in ji, “A ce maganar gidana tana bakin sikiriti? Mutum ya tare ni a gaban Larabawa yana mini wa'azin haƙƙin uwa?” Can ya huce. Na ji takunsa ya tsaya a ƙofar kicin, ni ina fuskantar murhu.

Ya ce, “Hajiya, maganar Kulu na sani tun tuni. Na yi magana da mijinta, asibiti mai kyau za a kai ta a Katsina, na ɗauki komai. Wankan nan kuma, Dakta ya ce shi da kunun kanwa su ke kumbura wa mata zuciya, ya ga masu yawa. Ni da za a bar shi ma da na fi so. An riga an biya jirgi da masauki, mutane sun ɗauki hutu, duk a kan kin ce to. Muna dawowa zan sa ki a jirgi, wallahi. Ko akwai wani abu?”

Akwai. Ina so in ce masa ba ruwan zafin ba ne. In likita ya ce a rage zafi sai a rage, in ya ce a bar kanwa sai a bari. Yarinya ce za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, za ta waiga ta nemi fuskar da ta sani. Wa zai hana a yi mata gori in nono bai zo da wuri ba? Wa zai karɓi ɗan ta runtsa? Ya tsaya yana jira, tsakani da Allah ya jira. Ban juyo ba. Ba a yi ni da juyowa ba, kuma ba a tsufa za a sake ni ba. Na ɗaga murfin tukunya na mayar.

Ya ce, “Halas ke nan. Na gode, Hajiya.”

Malam Haruna bai ƙara durƙusa mini a gaban mutane ba, an ja masa kunne daga ofishinsu. Amma in na sauko zan ga goro a bakin teburin, a nannaɗe cikin takarda, shi kuma yana duban wani wajen.

Na kira Kulu da hantsi, lokacin da na san mijinta yana gona. Na faɗa mata. Ta ce, “Ba shi da lafiya ne, Yaya?” Na ce lafiyarsa lau. “To Anti Rukayya?” Na ce ita ma. Ta ce, “Ina za su?” Na ce wani tsibiri. “Aiki?” Na ce kallo. Ta ce, “Inna, 'ya'yan mutane za ki zauna wa su je kallo?”

Na ce ta rufe mini baki, yayanta ne. Na ce ta tafi gidan Gwaggo Lami, ƙanwar ubanta. Lami hannunta da nauyi, bakinta ya fi hannun, amma jini ce. Na ce makullin ɗakina yana wajen liman, a kwashe itacen da tukunyar a kai can. Kulu ta ce to. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Daga ranar in na kira sai ta ce tana aiki.

Ranar tafiya falo ya cika da akwatuna. Suka gwada rigunan sanyi a ƙarƙashin esi, kowa ya kumbura kamar buhun auduga, Dakta yana zufa yana cewa a ɗauke shi hoto. Aka sauke mini yara takwas da jakunkunansu da magungunansu, rabinsu ba sa jin Hausa. Maman Afnan ta rungume ni ta ce in yi musu addu'a su ga koren hasken. Direba ya kira daga ƙasa, aka yi ta yalla, yalla, wai a yi sauri. Ɗan nan ya tsaya a ƙofa ya ce, “Hajiya, mun tafi.” Na ce wa bango Allah ya tsare.

Kullum sai sun aiko hotuna, yara su kawo mini waya har hanci. Ga su a gaban ruwa mai zubowa daga dutse. Ga su a kan baƙin yashi. Ga matan a cikin wani tafki mai tururi, ruwa har wuya, suna dariya, wai daga ƙasa yake fitowa da zafinsa, kuma yana maganin ciwon jiki. Na ce a ɗauke mini wayar.

Wata rana da azahar ina ba ƙaramin Maman Afnan abinci yana tofarwa, sai saƙon murya ya shigo. Nana ta danna mini. Muryar Rukayya ce, iska tana kaɗa ta kamar za ta tsinke: “Hajiya, barka! Barka da arziki! Kulu ta sauka tun jiya, mace, mijinta ya sa a guruf ɗin gida. Yau da safe aka sallame su. Abban Nana ya ce a yi miki barka. Wallahi sanyi, sai mun yi waya!”

Tun jiya. Labari ya tashi daga Katsina, ya tsallake ni, ya je ƙarshen duniya wajen duwatsun wuta, sannan ya waiwayo.

Na jira la'asar ta can, na sa Nana ta nemo mini lambar Lami. Wata jikarta ta ɗauka ta ce Gwaggo tana bayan ɗaki, bari ta kai mata. Na ji takun yarinyar, na ji kaji, na ji ƙarar itace a wuta, nawa ne, na san shi. Lami ta ce, “Wa? Au, mutanen Doha. An tuna da mu? To riƙe nan, hannuna da ganye.” Jikar ta karɓa, ba ta kashe ba, ta ajiye wayar a wani wuri.

Na ji an tsoma ganye a ruwa. Na ji saukarsa a bayan yarinyata. Kulu ta ƙwalla ƙara, irin wadda ban ji ba tun tana ƙarama ta taka garwashi: “Wayyo Inna! Inna!”

Na miƙe tsaye a tsakiyar falo, cokali a hannuna, na buɗe baki.

Lami ta riga ni. Ta ce, “Na'am, ga ni. Juyo nan.”